Mai Hoton Bakin Gada

An tashi daga taron aiki da wuri, masu masaukinmu suka ce sai sun zaga da mu gari kafin mu koma ƙasarmu. A bakin wata tsohuwar gada na gan shi. Dattijo ne siriri, cikin kwat da ta sha guga har tana ƙyalli, kyamara rataye a wuya, igiyarta ɗaure da zare inda ta tsinke. Kowa na wucewa yana ɗaukar kansa da waya. Shi kuwa yana ta goge gilashin kyamarar, gilashin da ko ƙura babu.

Shugaban tawagarmu ya miƙa masa waya, ko kallon kyamarar bai yi ba. "Baba, ɗan ɗauke mu mana."

Na zaci zai ɓata rai. Sai ya karɓa hannu bibbiyu, ya jera mu, ya gyara wa wani hula. "Ɗana, ɗaga kai," in ji shi ta bakin tafinta. "Baƙonmu ba ya komawa gida da mummunan hoto."

Ina jin a da layi ake yi a gabansa. Wataƙila akwai matar da kullum yake ce wa, "Gobe kasuwa za ta buɗe."

Hoton ya fito tas. Muka yi godiya, muka hau mota. Ta taga na hango shi ya ɗaga kyamararsa, ya saita wurin da muka tsaya, babu kowa, sannan ya sauke ta bai danna ba.