Sati Biyar Kawu Bukar Yana Zaɓen Taya

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Kawu Bukar a Bolori da mota ya san ba shi ake fara gaisarwa ba. Kana tsayawa zai taso daga tabarma, ka miƙa hannu, shi kuwa ya wuce ka ya nufi tayar gaba. Ya ɗan shure ta da gefen takalmi, ya duƙa ya danna ta da babban yatsa, ya zagaya ya yi wa sauran ukun haka. Sai ya gama sannan ya juyo ya ce maka wushe, wato sannu, ya tambayi iyali. In tayoyinka sun burge shi, har shayi za ka sha. In sun suɗe, gaisuwar ma a taƙaice za ka same ta. Lokacin da dangin saurayin 'yarsa ta biyu suka zo tambaya, kafin dattawa su gama gyara zama ya ce ya amince, wai ya riga ya duba motar yaron a waje, iskar ƙafa huɗun daidai take.

Ni Yagana ce, 'yar ƙanwarsa, kuma shi ya koya mini tuƙi tun ina budurwa. Shekaru masu yawa ya yi yana jan motar masu haƙa rijiya a ƙauyukan Borno, ya ajiye aiki da wata tsohuwar jif fara, irin mai ja da ƙafa huɗu. Da idonsa ya yi rauni likita ya hana shi tuƙi, sai ya naɗa ni direba ba tare da ya tambaye ni ba. Ina koyarwa a firamare Litinin zuwa Juma'a, Asabar kuwa ta Kawu ce. Yana zaune a gefena yana taka birkin da babu shi.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutumin nan da ke duba tayoyin jama'a, nasa sun fi na kowa lalacewa a unguwar. Sumul suke kamar bayan ƙwarya. Malam Yohanna, mai faci a bakin titinmu, mutumin kudancin Borno ne, sun fi shekara ashirin suna gardama da Kawu. Ya sha gaya masa cewa babu sauran inda zai liƙa faci sai a kan wani facin. Kawu yakan ce ai hakan ya fi, roba biyu ta fi ɗaya kauri.

To, wata Asabar muna dawowa daga suna a Shehuri, matarsa Ya Falmata na baya sanye da sabuwar lafaya, tayar baya ta fashe a tsakiyar gari. Muka ciro safaya, ita ma ba iska. Ya Falmata ta fi awa guda tsaye a rana, ƙawayenta da aka yi sunan tare suna wucewa suna ɗaga mata hannu. Ba ta yi faɗa ba. Da muka isa gida ta sha ruwa, ta ce ita da motar nan sai ranar da aka sauya ƙafa huɗun duka. Washegari ta fita ƙofar gida ta tare keken haya.

Wannan ya ƙona Kawu fiye da yadda kuke zato. Yana zaune da abokansa a inuwar dogon yaro, ga jif a gefe, sai keke ya tsaya, matarsa ta shiga ta gyara zama kamar ba ta san shi ba. Kwana uku ya daure. A na huɗu ya kira ni ya ce, "Yagana, ina da mai ƙafa huɗu, matata na yawo a mai ƙafa uku. Ranar Asabar za mu kasuwar Gamboru sayen taya."

Na ɗauka aikin awa biyu ne. Da na zo na tarar ya sa kwano biyu a bayan mota, ɗaya cike da rairayi, ɗaya da firgi, baƙar ƙasar nan mai danƙo da ya sa aka ɗebo masa daga gonarsa ta bayan gari, ya kwaɓa ta da ruwa. A aljihu kuma ga ashana. Na tambaye shi na mene ne, ya ce ba a ɗaukar ma'aikaci sai an yi masa jarrabawa.

Shagon farko na wani Alhaji Kyari ne, mutum mai fara'a, aƙalla kafin mu zo. Ya fito mana da iri uku. Akwai ta kwalta mai laushin zane, akwai ta laka mai manyan haƙora, akwai ta tsaka-tsaki wadda ya ce tana shiga ko'ina. Kawu ya zura tsinken ashana a zanen kowacce don ya ga zurfinsa. Ya shinshina su. Ya juye rairayi a ƙofar shagon ya mirgina taya a kai, ya duƙa yana nazarin sawun kamar mai bin ɓarawon shanu. Sannan ya dangwala kowacce a firgi ya ga wadda laka ta fi maƙale wa. Alhaji Kyari yana kallon sababbin tayoyinsa suna komawa kalar gona. Daga ƙarshe Kawu ya goge hannu ya yi godiya, ya ce zai je ya yi tunani. Alhaji ya ce ba laifi, amma don Allah in zai dawo ya bar gonar a gida.

Asabar ta biyu muka je wajen masu tokumbo, wato tayoyin da aka yi amfani da su a ƙasar waje, don Kawu ya ce Bature ba ya cinye taya, lasa kawai yake yi ya yar. Aikina shi ne karanta masa lambobi huɗun nan da ke gefen taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta. Na karanta har wuyana ya ƙage. Wata ya ce ta girmi jikarsa, wata ya ce an kankare lambar. Can mai shagon ya jawo wasu huɗu masu kyan gaske, haƙoransu kamar ba su taɓa taka ƙasa ba. Kawu ya shafa gefen ɗaya, yatsansa ya ji wani ɗan zane, ya ce in gaya masa hoton mene ne. Mai shago ya yi sauri ya ce fure ne, alamar inganci. Na ce ni dai na ga dutse da wani abu mai tsinke shida a ciki.

Kawu ya miƙe. Ya ce wani injiniya da suka yi aiki tare ya taɓa nuna masa wannan alamar, ƙanƙara ce, tayar ƙasar sanyi ce. Mai shago ya rantse za ta yi.

"Ɗana," in ji Kawu, "ni da aka haifa a garin nan, in watan huɗu ya kama neman narkewa nake yi. Ita wannan baƙuwar me ta yi maka?"

Asabar ta uku ya zo da sabuwar dabara. Zai sayi ɗaya ɗaya a shago huɗu daban, don in an cuce shi, a ƙafa ɗaya aka cuce shi. Muka tsaya wajen Malam Yohanna ya sanar da shi, ba don neman shawara ba, don dai ya ji daɗin musu. Malam Yohanna ya ajiye guduma ya yi masa bayani a nutse. Ya ce mota mai ja da ƙafa huɗu dole tayoyinta su zama iri ɗaya, girma ɗaya, in ba haka ba gaba na gudu daban baya na gudu daban, ƙarfen ciki ne zai sha wahala. Kawu ya ce yana tuƙi tun Yohanna na rarrafe. Malam Yohanna ya ce gaskiya ne, Baba, amma ita motar ba ta san da haka ba.

Sun yi sulhu irin na Kawu, wato ya bar dabararsa ya ɗauki wadda ta fi ta muni. Ya sayi manyan tayoyin laka guda biyu aka ɗaura a baya, aka bar tsofaffin a gaba. Motar ta ɗaga baya ta sunkuyar da kai kamar tunkiya a bakin kwatami. Muna hawa kwalta ta fara kuka, wuuu, kamar injin markaɗe. Ya ce wannan sautin ƙarfi ne. Da muka shigo lungunmu mai rairayi ya ce in sa giyar ƙafa huɗu mutanen unguwa su gani. Na sa. Motar ta yi gurnani, ta zabura, ta tsaya, ta sake zabura, hular Kawu ta faɗo kan cinyata. A daidai nan keke ya zo ta gefenmu ya wuce salin alin, Ya Falmata a ciki da kwandon cefane.

Ta ce wa mai keken ya ɗan tsaya. Ta leƙo ta dubi tayoyin baya, ta dubi na gaba, ta ce, "Malam, huɗu na ce. Ko in rage maka hanya?"

Ranar bai ci abincin rana ba. Asabar ta huɗu ba mu je ko'ina ba, ya ce yana bincike. Binciken shi ne ya zauna a benci wajen Malam Yohanna yana tare duk mai jif da ya zo ƙara wa taya iska, yana tambayarsa wace taya ce wannan, tana kuka ko ba ta yi, ta taɓa kafewa a laka. Har wani soja ya tsare da tambaya, sai da Malam Yohanna ya ja shi gefe.

Asabar ta biyar Ya Falmata ta ce ta gaji da ƙurar keke. Ta sa mu gaba, mu a jif mai kuka, ita a keke a bayanmu, har shagon Alhaji Kyari. Da Alhaji ya hango Kawu sai ya leƙa bayan mota ya ga ko akwai kwano. Ya Falmata ba ta ko zauna ba. Ta tambaye shi wacce ce ba ta ihu a kwalta kuma ba ta jin tsoron hanyar gona. Ya nuna ta tsaka-tsakin nan, wadda ya nuna mana tun ranar farko. Ta ce a kawo biyar, har da safaya. Kafin Kawu ya laluba ashanarsa an fara kwance ƙafar gaba. Manyan biyun kuwa, Malam Yohanna ya samo wani mai motar itace ya karɓe su.

Da yamma na ji shi a inuwar dogon yaro yana gaya wa abokansa cewa bayan dogon nazari ya yanke shawara a kan ta tsaka-tsaki. Wani ya ce ai an ce Hajja ce ta zaɓa. Ya ce ita ta nuna da yatsa, amma waye ya yi sati biyar yana share mata hanya?

Tsofaffin ma ba a yar ba. Ɗaya ya sa aka tsaga ta zama wurin shan ruwan tumaki. Biyu aka binne rabi a ƙofar gida suka zama kujeru. Ta huɗun ya kai wa mai yanka takalmi, ya raba wa duk mazan gidan. Da mijina ya ce nasa na da faci a dunduniya, Kawu ya ce ya gode wa Allah, nasa ne kaɗai aka yi wa ado.

Fitarmu ta farko da sababbin tayoyi gona muka je, an yi ruwa da safe. Abin da ban taɓa gani ba, Kawu ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da matarsa, ya bar ni ni kaɗai a gaba. Muka ratsa rairayi, muka ratsa firgi, motar ba ta ko yi tari ba. Ta madubi na ga Ya Falmata tana ɓare masa gyaɗa tana zuba masa a tafin hannu, shi kuma yana nuna mata gonakin mutane yana faɗin sunayen masu su, duk da na san ba ya ganinsu sosai.

Bai cika shekara ba bayan haka. Zazzaɓi na kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. Da Malam Yohanna ya zo ta'aziyya ya zauna a waje ya daɗe. Da zai tafi ya kira ni gefe, ya ce a satin nan na bincike Kawu ya gaya masa wani abu, ya kuma hana shi faɗa. Wai ya ce, "Ni na kusa sauka, Yohanna. Mata biyu ne za su riƙa bin hanyar gonar nan su kaɗai. Ba na son tayar da za ta tsayar da su a daji."

Har yau ni ke kai Ya Falmata gona duk Asabar, kuma ba mu taɓa tsayawa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya damu da mu isa gida lafiya, Allah ya isar da shi gidan Aljanna lafiya. Amin.