Ragunan Turba a Kan Dogon Banfora

Na daɗe ina aikin malamin dabbobi tsakanin Isa da Sabon Birni, amma ranar da har gobe ba ta fita raina ba ita ce ranar da ragunan Turba suka hau dogon jirgi a ƙasar Burkina. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna jin tsofaffin ofis suna kirana Ɗan Reluwe, kuna dariya ba ku san mafari ba. To bari ku ji.

Mahaifina heluma ne, wato shugaban leburorin dogo, a Kaura Namoda, lokacin da jirgi ke zuwa yana kwasar gyaɗa da shanu. Aikinsa ya bi ƙarfe da guduma yana ƙwanƙwasawa, yana duba inda ya saki. Shi ya nuna mini cewa ƙarfen da jirgi ke bi bayansa yana ƙyalli kamar wuƙar da aka wasa, wanda aka bari kuwa damina ɗaya ta ishe shi ya yi ja. Ya kuma koya mini in ɗora gindin sanda kan ƙarfe in kara kunne a ɗaya bakin, sai in ji jirgi tun ido bai gan shi ba. In jirgi ya zo wucewa yakan miƙe ƙyam ya ɗaga hannu, direba ya amsa masa da oda.

Ban gaji aikin ba, na tafi makarantar dabbobi, amma cutar son dogo ta bi ni. Duk inda na ga dogo sai na sauka na duba. Ko a Mina da na je aikin hajji, mutane na ta sauri, ni kuwa na saki baki ina kallon jirgin da ke wucewa bisa kanmu, Allah Ya yafe mini. Abokan aiki sun mai da ni abin tsokana, ni kuma ban taɓa jin kunyar abin ba.

A shekarun da layya ke faɗowa cikin damina, saura kaɗan in ajiye aiki, ina matakin babban malamin dabbobi, fataken yankinmu suka shirya kai raguna Abijan. Jagoransu Alhaji Nomau, mutumin Sabon Birni, ɗan kasuwa mai baki kamar reza amma mai riƙon amana. Ragunan ba nasa ba ne shi kaɗai. Yawancinsu kiwon gida ne na matan ƙauyukan Turba da Kurawa, waɗanda suka shekara suna ɗaure da su a turke suna ba su dusa da harawa. An ba shi ne ya sayar can inda suke da daraja ya kawo wa kowace nata. Ni na yi musu allura ɗaya bayan ɗaya, don haka na san mai kowane rago da abin da take jira ta yi da shi. Akwai wani farin rago balami na wata tsohuwa, Inna Hajo, wadda ɗakinta ya faɗi a ruwan farko, tana kwana wajen maƙwabta tana jiran ragon nan ya tayar mata da shi.

Fataken suka roƙi ofis a haɗa su da malami, saboda a kowace iyaka sai an nemi shaidar lafiyar dabba, kuma tafiyar da nisa. Shugaban sashenmu ya kira ni ya sa hannu a takardar tafiya, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Malam Garba, raguna na ba ka. Kar in ji labarin ka tsaya kallon jirgi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, za ni kiyaye."

Ga wanda bai san aikin ba, rakiyar dabbobi tana da ƙa'ida. Ana zuba yashi a ƙasan tirela don kada su zame, a raba manya da ƙanana, kuma ba a barinsu su daɗe a mota ba a sauke su sun sha ruwa sun miƙe ƙafa ba. Malami ne ke cewa a tsaya, ba direba ba, ba mai kaya ba. Dokar da na fi nanatawa da damina kuwa ita ce kada a bar rago tsaye cikin laka, domin kofatonsa zai ruɓe, rago mai ɗingishi kuma ba ya yin layya. Wanda na damƙa wa wannan doka shi ne Buba, wani Bafillace na Kurawa, sa'ana ne, wanda aka ɗauko ya kula da ci da shansu. Mutum ne marar yawan magana. Duk inda muka tsaya sai ya fito da wani tsohon kwanon dusa ya buga gefensa da sanda yana kiransu da Fillanci, su taru kansa.

Muka fita ta Gidan Rumji, muka bi Konni. Daga Dosso zuwa Yamai na ga abin da ya sa na ce direba ya tsaya: sabon dogo shimfiɗe gefen titi, tsakuwarsa tsaf, amma ƙarfen ja wur. Awaki kwance a kai suna tuƙa, mata sun shanya kuɓewa. Na taɓa shi, tsatsa ta ɓata mini hannu.

Alhaji Nomau ya leƙo ta taga ya ce, "Likita, ka gaida shi? Mi yac ce maka? In ka ƙare gaisuwa da ɗan'uwanka, raguna na jira."

Kowa ya yi dariya, har Buba. Ashe abin da idon Buba ya ɗauka ke nan: dogo wuri ne busasshe inda dabba ke kwanciya ta huta. Ba laifinsa ba ne. Shi bai taɓa ganin jirgi yana tafiya ba, na Kaura ma ya daina zuwa.

Mun wuce Wagadugu da Bobo lafiya. Kafin Banfora, bayan an sha ruwan sama, rana ta buɗe da zafi, na ga ragunan da ke hawa na sama na tirela sun fara haki. Na ce a tsaya a sauke su. Wurin fili ne gefen titi, ga gonakin rake, ga ruwa kwance ko'ina. Na zagaya bayan mota ina duba wani rago da ya yi rauni a ƙaho. Da na ɗago, sai na hangi garken duka a bisa wani dogon tudu mai tsakuwa. Buba ya bi dokata sak: ƙasa laka ce, ya nemi busasshen wuri ya hau da su. Wasu har sun kwanta tsakanin ƙarafan.

Da farko daɗi ma na ji, na ce ga wani dogon in je in gani. Ina hawa tudun rana ta haske ƙarfen, ya kashe mini ido. Bayansa fari tas, ga ɗigon baƙin mai ɗanye a kan tsakuwa. Alamar jirgi na bin sa ke nan. Ta gefen Bobo kuma hanyar ta yi kwana ta shige bayan rake, ba a ganin abin da ke tahowa.

Na ce, "Buba, sauko da su yanzunga! Wanga dogo mai rai na."

Ya dube ni a natse ya ce, "Likita, kai kac ce kar su taka laka. Na Dosso da munka wuce, ba awaki na kwance bisa ba?"

Alhaji ya iso yana riƙe da bakin riga kada ta ɓaci. Ya ce, "Cutar ta tashi ke nan? Bari bisashe su huta, don Allah."

Buba ya ƙara da cewa, "In ma ya taho, za ni ɗaga mai sanda shi tsaya. Ko tirela tsayawa takai in shanu na ƙetare hanya."

Nan ne na san magana ba za ta yi ba. A garinmu haka ne, makiyayi ya ɗaga sanda, mota ta ja birki, an saba tun kaka da kakanni na direbobi. Yaya za ka fahimtar da mutum cewa akwai abin da ko direbansa na kuka ba zai iya tsayar da shi nan kusa ba? Na fizge sandar daga hannunsa, abin da ba a yi wa Bafillace, na ɗora gindinta kan ƙarfe na kara kunne. Yana nan. Wani siririn kuka, kamar na zuma cikin amya. Na kamo kan Buba na manna kunnensa a sandar.

Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "La'ilaha illallahu. Ƙarhe na magana."

Kafin ya rufe baki muka ji oda daga bayan rake.

Abin da ni da Alhaji muka yi daga nan ba abin alfahari ba ne. Muka faɗa cikin garke muna ihu muna duka, shi da hula ni da hannu. Rago kuwa in ya tsorata ba ya gangarawa cikin ruwa, gaba yake yi. Suka miƙe da gudu tsakanin ƙarafan, kan hanyar jirgin sosai. Na ji ƙasa ta fara rawa ƙarƙashin ƙafata. A raina ba abin da nake gani sai matan Turba tsaye a ƙofar ofis.

Buba ya daka mana tsawa, karo na farko da na ji ya ɗaga murya: "Ku bari! Watsa su kukai!"

Ya gangara tudun da gudu, ya faɗa laka har gwiwa, ya fizgo kwanon dusa daga gindin mota. Ya shiga buga shi da sanda yana kiran nan nasa. Wallahi kamar an ja su da igiya. Ragunan turke ne, tun suna ƙanana ba abin da suka sani ya fi ƙarar kwano. Na gaba suka ja birki, suka juyo, suka zubo ƙasa suna ture juna, laka ko ba laka ba.

Saura ɗaya. Balamin Inna Hajo, sarkin ƙiba, yana kwance yana tuƙa abinsa, ko a jikinsa. Kan jirgin ya riga ya ɓullo daga kwana, oda ba tsayawa. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na kama ƙahoninsa biyu na ja da iyakar ƙarfina, ya miƙe ya tunkuɗe ni, muka mirgino tare har ƙasa, ni a ƙasa shi a sama.

Jirgin ya zo ya wuce ta inda muke tsaye ɗazu. Na kaya ne, taragu bayan taragu, kamar ba zai ƙare ba, iskarsa tana kaɗa rake. Ban san lokacin da na miƙe ba. Hannuna ɗaya riƙe da ƙahon rago, laka har cikin kunne, na tsaya ƙyam na ɗaga ɗaya hannun yadda mahaifina ke yi. Wani ma'aikaci da ke tsaye a taragun ƙarshe ya gan ni, ya ɗaga mini nasa. Hawaye suka zubo mini, kuma ban ɓoye su ba.

Muka bi ragunan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rasa ko gashi. Muka wanke musu kofato da ruwan gishiri, muka bar su suka bushe a bakin kwalta kafin a loda. Alhaji Nomau, mai bakin nan, ya koma ya zauna kan taya. Can ya taso ya ciro rawanin da ke kafaɗarsa ya miƙo mini in goge fuska.

Ya ce, "Likita, Allah Shi jiƙan mahaihinka."

Daga nan har Abijan, duk inda titi ya kusanci dogo, shi da kansa ke taɓa kafaɗar direba ya ce a tsaya, Likita zai sauka ya duba mana ƙarfe. Buba kuwa sai ya biyo ni da sandarsa, ya tsuguna ya leƙa bayan ƙarfen, ya yanke hukunci da kansa: "Wanga matacce na," ko "Wanga na da rai." Bai taɓa kuskure ba.

Da na dawo na je gaida shugaban sashe, labari ya riga ni isa. Ya sake dubana ta saman tabarau ya ce, "Malam Garba, an ce ka tsaya kallon jirgi."

Na ce, "Na tsaya, ranka shi daɗe."

Ya ce, "To madalla."

Abin da nake so ku ɗauka, ku matasa, shi ne aikin nan bai tsaya kan allura da magani ba. Dabbar da aka ba ka amana, hanyar da za ta bi ma tana wuyanka. Doka kuma, ko taka ce, ka san inda take ƙarewa, domin dokata ce ta hau da ragunan nan kan dogo. Kada ku raina abin da wani ya sani don bai shiga littafinku ba. Ni na ji jirgin, amma da ni kaɗai ne da an kwashe nama a tsakuwa. Kwanon Buba ne ya sauko da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inna Hajo ta tayar da ɗakinta kafin kaka. Har ta rasu ba ta san abin da ya faru ba, tambayarta ɗaya ce, ko ragonta ya ci abinci sosai a hanya. Na ce mata ya ci, har ya fi ƙarfina.

Bayan na ajiye aiki na bi ta Kaura, na sauka inda mahaifina ke bi da gudumarsa. Ciyawa ta rufe wurin, ƙarfen ya yi ja, ya ɓata mini tafin hannu kamar na Dosso. Na daɗe tsugune a wurin. Jirgi ya daina zuwa, gaskiya ne, amma abin da tsohon nan ya koya mini a kan wannan ƙarfe shi ya je har Banfora ya tayar wa Inna Hajo ɗaki.