Anti Rabi, Wadda Ta Koya Mana Sunayen Abubuwan Sama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina tsaye a bakin titi a Ikorodu ina jiran danfo, motar hayar nan ta Legas, sai wayata ta yi ƙara. Kubura ce, 'yar Anti Rabi. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya Mairo, Mama ta cika."

Danfo biyu suka tsaya a gabana suka wuce, ban shiga ko ɗaya ba.

Duk wanda ya yi ajin farko a 'yar makarantar nan ta bayan layin dogo a Agege ya san wadda nake nufi. Malama Rabi ce a takarda, amma mu Anti Rabi muke ce mata. Bayan ta dawo daga aikin hajji maƙwabtanta Yarabawa suka koma kiranta Alaja.

Na daɗe ina cewa wata rana zan rubuta abin da matar nan ta yi mini. Ban so a ce sai yau ba.

Ina da shekara shida aka kawo ni Legas daga wani ƙauye a bayan Maraɗi. Babana, Malam Idi, gadi yake yi a wani kamfani a Ogba. Ba na jin Turanci, ba na jin Yarabanci, Hausar ma in na buɗe baki sai yara su yi ta kwaikwayona.

Amma ba wannan ce babbar matsalata ba. Jirgin sama ne.

Ku 'yan Agege kun saba, jirgi zai bi ta kanku ƙasa ƙasa zai sauka a Ikeja, ko kai ba ku ɗagawa. Ni kuwa a garinmu jirgi ɗan farin zare ne can ƙololuwar sama, ba ya ko magana. Ranar farko da na shiga aji wani ya wuce, tagogi suka hau rawa. Na faɗa ƙarƙashin benci na toshe kunne, kuma na jiƙa kayana.

Anti Rabi ta cire gyalenta ta naɗe ni, ta ɗauke ni ta fita da ni. Ta wanke kayan ta shanya a bayan aji, kafin a tashi sun bushe. Har Innata ta koma ga Allah ba ta san an yi haka ba.

Sati biyu ana haka. Kullum jirgi ya taho ina ƙarƙashin benci. Na fara ƙaryar ciwon ciki da safe. Daga baya ma ciwon ya zama na gaske.

Baba ya ce wa Inna, ina ji, "Lakwal, wato bokon nan, ba dole ba ce. In motar da ta kawo shanu za ta koma, a sa ta ciki, ta je wajen kakarta."

Washegari na faɗa wa Anti Rabi. Da aka fita tara ta kama hannuna muka je gindin mangwaron da ke tsakar makaranta, ta zauna a ƙasa, ta zaunar da ni a gabanta. Da ƙugin ya fara tahowa sai ta sa tafukanta ta rufe mini kunnuwa, ta ɗaga haɓata da yatsa.

Da ya wuce ta ce, "Me kika gani?"

Na ce, "Dodo."

Ta ce, "To. Kin taɓa jin dodo mai taga?"

Na girgiza kai.

Ta ce, "Wancan abin da ya baje hagu da dama, fiffike ne, irin na shirwa. Ce fiffike."

Na ce fiffike. Ta ce ya isa na yau, ta gutsuro mini burodi da ƙosai daga nata.

Washegari wutsiya. Jibi taya, ta nuna mini yadda yake sako su in zai sauka. Ranar da muka zo kan inji ta ce, "Shi ne mai ihun nan. Ba da ke yake ba. Injin markaɗe na bakin kasuwa ma ihu yake yi, kin taɓa ganin ya bi wani da gudu?"

Wata rana kuma ta ce a can gaba, wajen hancin jirgin, akwai mutum zaune ana ce masa matuƙi, shi ma da safe ya sha kokonsa kafin ya fito aiki. Wannan ya fi komai kwantar mini da hankali. Ban san dalili ba har yau.

Kalma ɗaya a rana. Ba ta taɓa ba ni biyu ba.

A lokacin doka ce a makarantar, ba a yin wani yare sai Turanci. Ita kuwa ta ƙi. Za ta faɗi abu da Hausa, ta juya ta faɗa wa 'ya'yan Yarabawa da yarensu, sannan ta kawo na Turanci mu maimaita gaba ɗaya. Hedimasta ya sha kiranta ofis. Wata rana ya tsaya a ƙofar ajinmu yana faɗa, ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Oga, yaron da bai san abu da bakin uwarsa ba, Turancinsa na aku ne. Ka ba ni zuwa ƙarshen zango, in ba su iya ba ka sallame ni."

Sai da na girma na fara koyarwa na gane da aikinta ta yi kasada ranar. Tana da yara uku, mijinta kuma ya rasu.

Kwalayen taliya take roƙowa a shaguna ta yayyanka su kamar kati. A gaba ta zana abu, a baya ta rubuta sunansa. Rana, wata, tauraro, gajimare, inuwa. Jirgi mai saukar ungulu. Kumbo. Tauraro mai wutsiya. Akwai katin ɗan sama jannati da ta zana da ƙaton kai kamar tulu, duk ajin shi muke rububin riƙewa.

Ta rufe tagogi ta haska lemo da tocila tana juya shi a hankali, ta ce gefen da ke cikin haske su ke da rana, na baya su ke barci, duniya ce ke juyawa ba rana ke gudu ba. Wani yaro ya ce to me ya sa ba ma jin jiri? Ta ce, "Tambayarka ta fi darasina kyau. Ban sani ba, amma zan nemo." Bayan kwana biyu ta dawo masa da amsa.

Maganaɗisu kuwa daga cikin mataccen rediyo ta ciro shi. Ta zuba allurai a cikin yashi ta ce mu nemo. Ranar ko tara ba mu fita ba.

Amma maganar motar shanu tana nan.

Wata Asabar da rana ta zo gidanmu ta ce in raka ta wajen aikin Baba. Muka hau okada, wato acaɓa, har Ogba. Baba na zaune a kan benci a bakin get, ya miƙe da sauri ya ba ta wuri. Na zaci roƙonsa za ta yi a bar ni. Ko sunana ba ta ambata ba.

Ta ce, "Malam Idi, taimako na zo nema. Ni a Agege aka haife ni. Hasken wuta da hayaƙi sun cinye mana taurari, sunayensu a littafi kawai na sani, su ma da Turanci. An ce ku mutanen daji kun san su kamar 'ya'yanku."

Baba ya ce, "Madam, ni ban yi lakwal ba."

Ta ce, "Ai shi ya sa na zo. Mu da muka yi ba mu sani ba."

Ranar Juma'a da safe sai ga Baba a ƙofar ajinmu cikin rigarsa ta zuwa masallaci. Ta miƙa masa alli. Bai taɓa riƙe alli ba, sai da ya karya shi biyu. Ya ɗiɗɗiga ɗigo a allo ya ce wannan Kaza da 'Ya'yanta ce, manoma na dubanta su san inda damina ta kwana. Ya ce wancan mai haske kusa da jinjirin wata Zara ce, matar wata. Mai fitowa gab da asuba kuma Gamzaki.

Anti Rabi ta matse kanta a bencin yara tana rubuta duk abin da ya faɗa a bayan kwali. In bai fito sosai ba ta ɗaga hannu kamar mu ta ce, "Malam, a maimaita."

Ana cikin haka ƙugi ya taho. Duk ajin suka juyo suna kallona.

Ta ce, "Mairo, kai Baba taga ki nuna masa."

Na kama hannunsa muka je. Na nuna fiffike, na nuna wutsiya, na nuna inji, na faɗe su da Hausa na faɗe su da Turanci. Na ce masa akwai matuƙi a ciki, ya sha koko.

Baba ya dube ni. Ya ce, "Mu a can abiyo muke ce masa."

Ta ɗauko katin jirgi ta ƙara abiyo a ƙasa.

Daga ranar ban sake jin maganar motar shanu a gidanmu ba. Hedimasta ma da zango ya ƙare bai sallame ta ba, sai dai ya daina bi ta ƙofar ajinmu.

Abu ɗaya ne ba su taɓa shiryawa a kai ba ita da Baba. Duk inda suka haɗu sai ya ce, "Madam, wata dai ba wanda ya taka shi." Ita kuma ta ce, "Malam Idi, wanda ya halicci watan ai shi ya ba su basirar." Su yi dariya su rabu. Haka suka yi ta yi har ya rasu. Kwana uku ta yi a gidanmu tana karɓar gaisuwa tare da mu kamar 'yar uwa.

Ranar da na samu aikin koyarwa a Ikorodu na je na faɗa mata. Ta shiga ɗaki ta fito da leda cike da katunan nan, ta raba biyu ta ba ni rabi. Ta ce sauran na jikokinta ne, kada in yi haɗama.

Wani abu da ban sani ba sai daga baya: duk shekarun da ta yi tana koya mana jirgi, ba ta taɓa shiga ba. Sai da 'ya'yanta suka kai ta hajji. Da ta dawo na je yi mata barka, ta ja ni gefe ta rage murya.

Ta ce, "Mairo, na roƙi wata baiwar Allah ta bar mini kujerar taga. Kin san me na gani? Gajimare a ƙasanmu, shimfiɗe kamar auduga. Na ce alhamdu lillahi, ashe ban yi wa 'ya'yan mutane ƙarya ba."

Ta ce abin ya daɗe yana damunta.

Ganina da ita na ƙarshe sati uku ke nan. Na je da 'yata Hanifa, mai shekara biyar. Mun same ta a kan tabarma a bakin ƙofa, ƙafafunta sun kumbura, muryarta ta yi ƙasa. Na fara tambayar jiki ta katse ni.

Ta ce, "Bar wannan. An yi biki a layinmu, na ga wani ɗan abu yana shawagi a kan mutane yana ɗaukar hoto. Me kuke ce wa yara sunansa?"

Na ce a rediyo jirgi mara matuƙi suke cewa.

Ta ce, "Ya yi wa bakin yaro tsawo." Ta juya wajen Hanifa. "Ke ƙawata, kin san abin? Me za mu ce masa?"

Hanifa ta yi tunani ta ce, "Jirgin sauro."

Anti Rabi ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Kubura ta kawo ruwa. Da ta samu numfashi ta nuna ni da yatsa ta ce, "Rubuta."

Da za mu tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ki gaida yaran ajinki. In sun tambaye ki abin da ba ki sani ba, kada ki yi musu tsawa. Ki ce za ki nemo."

Na ce zan dawo in an gama jarrabawa. Jiya aka gama.

Ban yi kukan rashin komawa da yawa ba, don na gode wa Allah da ya sa na je wancan zuwan. Na gode masa da ya sa ajinta aka kai ni ba wani ba. Yau yara arba'in da wani abu ke kirana Anti, kuma duk abin da nake yi musu mai kyau a wajenta na gani.

An yi jana'izarta bayan azahar. Ana zaman gaisuwa a gidanta na Agege, ga waɗanda ke kusa.

Ya Allah, ga baiwarka Rabi ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka sa duk kalmar da ta sa a bakin yaro ta zame mata sadaka mai gudana. Ka ba Kubura da 'yan uwanta haƙuri. Ka haɗa ta da iyayenmu a Aljannar Firdausi, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

In ta taɓa saɓa wa wani a cikinku, don Allah ya yafe mata.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san ta ko ba ku san ta ba, ina roƙonku ku tsaya ku yi mata addu'a kafin ku wuce. Ku ambaci sunanta in kun yi sujada.

Ni dai na shaide ta da alheri.