Wanda Ya Zauna wa Mai-guga Hoto

Shekara talatin da ɗaya Mai-guga ya yi a shago guda, mai ƙofa ɗaya da tebur biyu. Bai taɓa ƙona rigar kowa ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. Sai ga shi ranar da ya tashi yin ɓarna, tasa rigar ya goge da katin bankinsa a aljihu. Katin ya fito a lanƙwashe kamar busasshen ganye.

Ba wanda ya yi masa dariya, don kowa a layin ya san hankalinsa ba ya jikinsa tun rasuwar ɗan'uwansa. Tagwaye ne. Minti goma ne tsakaninsu, amma Mai-guga ya riƙe minti goman nan tamkar sarauta, har suka yi furfura yana kiran ɗayan Ƙarami. Shi a teburin bakin ƙofa, Ƙarami a na ciki, sai su yini ba su yi magana goma ba, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai ce. Wata bakwai ke nan da zazzaɓin kwana uku ya ɗauke Ƙarami. Teburinsa na nan da bargon guga a shimfiɗe, ba mai taɓawa.

Ranar Juma'a banki ya ba shi sabon kati a ambulan. Ma'aikaciyar ta ce ba zai yi aiki ba sai an buɗe shi a waya, mutum ya nuna fuskarsa a gwada da hoton da ke wurinsu. Ya ce to, ya cusa a aljihu.

Washegari Asabar, banki a rufe, 'yarsa ta faɗo shagon da waya a hannu. Jarrabawar shiga makarantar jinya za ta rubuta, ƙarfe huɗu na ranar za a rufe rajista, kuma da kati kaɗai ake biya. Bara ta wuce ta. Bana uban ya tara kuɗin, riga bayan riga, amma duk suna can bayan wannan kati.

"Baba, zauna nan inda haske yake," in ji ta, ta saita masa bayan wayar. "Kalli nan, ka ƙifta ido."

Ya ƙifta. Wayar ta yi jim, ta ce fuskar ba ta dace ba. Ya cire hula, ta ƙi. Ya wanke fuska, ya ƙaƙalo murmushin da rabonsa da shi wata bakwai, ta ƙi.

"Ikon Allah! Ni da fuskata?" Sai kuma ya tuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Uwata," ya ce a hankali, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "ba ni ne a hoton ba."

Shekara goma sha biyu da suka wuce, ranar buɗe asusun, zannuwan wani otal sun yi masa yawa, sai ya tura Ƙarami ya zauna masa hoto. Ai fuskar ɗaya ce, ko mahaifiyarsu takan rikice. To, mutane sun yarda, amma kama da wane ba ta wane, kuma na'ura ba ta san kara ba.

Uku ta gota. Wayar ta ce saura gwaji biyu a kulle katin. Yarinyar ta ja baya har bakin ƙofa ko hasken zai gyaru, ta sake ɗagawa. Mai-guga ya ga ta ƙura wa wayar ido.

"Mene ne?"

"Wai fuska biyu take gani. Wai ka tsaya kai kaɗai."

"Rigunan da ke rataye ne. Sauke su."

"Ba su ba ne, Baba." Ta sake duba wayar. "Ta zagaye fuskarka, ta kuma zagaye wata can bisa teburin Baba Ƙarami. Kamar mutum a tsaye, ya sunkuyar da kai."

Bai waiwaya ba. Abin mamaki, ko ɗar bai ji ba. Abin da ya ji shi ne abin da ya saba ji shekara talatin, cewa akwai mutum a bayansa yana aiki. Kewa ta taso masa. Ya miƙe, ya ɗauke kujerarsa, ya koma jikin ƙofa, ya bar tsakiyar shagon fili.

"Juya wayar can, wajen teburinsa."

"Baba, don Allah mu bari. Na haƙura da jarrabawar."

"Ƙarfe nawa?"

"Huɗu saura kwata."

"To juya."

Ta juya, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Mai-guga ya kafa wa ƙasa ido, ya yi magana da muryar da yake cewa a miƙo masa gawayi.

"Ƙarami, ɗago kai. Don yarinyar nan ne."

Shagon ya yi shiru, sai ɗan ƙarar garwashi a cikin dutsen gugarsa. Wayar ta ce a ƙifta ido. Ta ce a juya hagu. Daga nan ta yi ƙara sau ɗaya, ta ce an buɗe kati.

A waje, cikin rana, yarinyar ta biya, yatsunta na zamewa saboda zufa. Huɗu saura minti biyar rasit ya shigo. Ba ta yi murna ba, ba ta kuma koma ciki ba. Ta tsaya jikin garu tana haki, ta kife wayar a ƙirjinta.

Uban ya fito ya tsaya kusa da ita. Ya daɗe yana murza hularsa, kamar mai jin nauyin roƙo.

"Uwata, da ya ɗago, kin gan shi?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Yaya kika gan shi? Ya rame?"