Mai Yanka da Mai Riƙewa

Jiya da la'asar ina tura kujeru jikin bango, ina auna inda siniyya za ta zauna, sai na jiyo maƙwabcina na ƙasa yana wasa wuƙa a dutse. Ƙarar nan kaɗai ta sa na nemi bakin gado na zauna. Ka san siniyya ai, ƙaton farantin da ake jera kwanuka a kai a kewaye shi a ci tare. To, guda ɗaya tak falona yake ɗauka, ita ma sai an kai tebur baranda. Kuma bana ni zan ciyar da dangi ranar Babbar Sallah, don tun da yaƙi ya tarwatsa mu muka dawo Umdurman, ni kaɗai ce mai rufi da ƙofar da ke rufuwa. Cikin baƙina har da Baba da ƙanensa Baffa, waɗanda rabonsu da sa hannu a kwano ɗaya tun ina 'yar firamare.

A unguwar Umbadda na tashi, a gida mai faɗin tsakar gida da darbejiya a tsakiya. Kakanmu yana da wuƙa mai ƙotar ƙaho, wadda ubansa ya taho da ita daga ƙasar Hausa a hanyar Makka. Ba ta taɓa albasa, ba ta taɓa igiya, ragon layya kawai ta sani. Dokar gidan kuwa, babba ke yanka, na bayansa ya riƙe. Shekarar da Kaka ya rasu yanka ya faɗo kan Baba, riƙo kan Baffa.

Sai dai Baba makanike ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji, ko kaza bai taɓa yankawa ba, Baffa kuwa mai agashe ne, wato tsire, kullum hannunsa cikin nama. Baffa ya ce a bar masa yankan. Baba ya ce ba da ransa ba. Ya tafi da wuƙar gareji ya kara ta a injin wasa ƙarfe, ya dawo da ita tana walƙiya yana ta nuna mana. Baffa ya duba bakinta da ya yi shuɗi-shuɗi, ya ce inji ya ƙone ta. Baba ya ce hassada ce.

Da aka sauko Idi, suna cikin fararen jallabiyu, ni na ba ragon ruwa a buta kamar yadda ake yi. Aka kayar da shi, aka fuskantar da shi alƙibla. Baba ya yi bisimilla ya ja. Wuƙa ta tsaga fata ta tsaya. Ya sake ja, bakinta ya lanƙwashe. Ragon ya tokari Baffa a ƙirji ya miƙe, wuyansa a buɗe.

Har yau ina jin kukan nan, iska ce ke fita ta maƙogwaro kamar yagaggen zugazugi. Ya zagaya tsakar gida jini na tsartuwa, a bango, a tulunan ruwa, a kan albasar da Inna ta yanka. Ya ture ƙanena, ya faɗa ɗakin kakarmu da muke kira Habboba, ya fito yana jan labule. Mu yara muna ihu, mata suna salati. Maƙwabci ne ya tsallako katanga da wuƙarsa, ya danne shi a lungun kaji ya ƙarasa shi, babu wanda ya tuna da alƙibla.

Baba ya juyo ya ce da gangan Baffa ya sake shi. Baffa ya ce Baba ne ya kashe wuƙar ubansu, ya azabtar da dabbar Allah saboda girman kai. Mari na fara ji. Baffa ya kai masa karo da ka, hancin Baba ya fashe, suka zube cikin taɓon jini suna birgima, wannan ya shaƙe wancan, wancan ya ciji kunnen wannan. Maza sun kasa shiga, don wuƙar tana hannun Baba. Habboba, 'yar tsohuwa da iska ke iya kayarwa, ita ta ratsa ta damƙi wuƙar ta baki. Baba ya fizge kafin ya ga ko wace ce. Wuƙar da ta ƙi wuyan rago ba ta ƙi yatsun tsohuwa ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannun sama jini na bin gwiwar hannunta, ta dube su.

“Na ragon bai ishe ku ba? Ga na uwarku, ku cika layyarku.”

Yatsu biyu ba su sake lanƙwasuwa ba har ta koma ga Allah. Kafin damina aka ja katangar jan bulo ta raba tsakar gida, darbejiya ta faɗo ɓangarenmu, inuwarta ta faɗa na Baffa. Daga nan kowace Sallah rago biyu, siniyya biyu. Habboba kan aike ni in karɓo marara daga kowane ɓangare, ɗanyar hanta da tumbi da ake cuɗawa da barkono da lemon tsami a ci da safe. Sai ta juye su a kwano ɗaya, ta zauna a ƙarshen katangar ta ci ita kaɗai. Na ji haushin Baba da Baffa shekara da shekaru, kuma ban daina son ko ɗayansu ba, wannan ya fi ci mini rai.

Ni Habboba ta bar wa wuƙar, wai na fi kowa taurin kai. Da za mu gudu na binne ta a gindin darbejiya. Da muka dawo, abin da ya faɗo daga sama ya kwashe katangar da ɗakunan duka, bai tambayi ɓangaren wa ba. Na tono wuƙar, na kai wa wani tsoho a kasuwa ya gyara bakinta a dutse.

Da Sallar bana ta matso, Inna ta ce in ciyar da Baba da Baffa ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ya ce a shimfiɗa wa Baffa a kan rufin bene. Na ce musu siniyyata ɗaya ce, wanda ba zai ci a cikinta ba ya koma da yunwarsa.

Yau da safe mahauci ya yanka mana rago a ƙofar bene, aka hauro da hantar da ɗuminta. Baba ya riga zuwa, hannunsa yanzu rawa yake yi, ko shayi sai an rage masa. Baffa ya sauka a raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya hauro yana haki, ya tsaya a ƙofa. Wurin zama ɗaya ya rage, daidai gaban Baba, gwiwa na gogar gwiwa. Ya zauna. Babu wanda ya gai da wani.

Na ajiye katako da hanta da wuƙar a kan siniyya, na ce hannuna na kan miya, mazan gida su yanka marara. Na shige kicin na tsaya bayan labule da taɓarya a hannu, na rantse a raina wanda ya fara ɗaga hannu sai na karya shi, ko da ubana ne.

Baba ya ɗauki wuƙar. Ina jin tsininta yana ƙwanƙwasa siniyya saboda rawar hannu. Ya daɗe yana kallon ƙotar. Sannan ya juya ta, ya miƙa wa Baffa.

“Kai yanka. Ni zan riƙe.”

Baffa ya gwada bakin a farcensa, ya tambayi wa ya wasa ta. Na ce daga bayan labule a dutse aka wasa.

Gidanmu na da ya ba su filin da za su guje wa juna har tsufa. Wannan akurkin da nake jin kunyarsa bai ba su ko taku ɗaya ba. Na jingine taɓarya, na ɗauko kwano ɗaya, hawaye na hana ni ganin barkono. Da na leƙo, Baba ya danne hantar da hannu biyu tana zame masa, Baffa ya saita wuƙar, sai ya dakata.

“Janye yatsunka kaɗan, Yaya,” in ji shi. “Yanzu tana ci.”