Geron Sadakar Inna

Cikin duk abubuwan da na gani a zamana na Amurka, akwai guda ɗaya da har gobe bai fita a raina ba, kuma a kan tsuntsaye ne. Ni kuwa ba ma'abociyar tsuntsaye ba ce. In ba a tukunya na gan su ba, ba su dame ni ba.

Lokacin muna Gaithersburg, na haifi ɗana na fari, mahaifiyata ta zo daga Kano don zaman jego. Inna mace ce da ba ta wasa da sadaka. Tun muna yara kowace safiya sai ta watsa wa tsuntsaye hatsi a tsakar gida, da ta zo kuwa sai ta ce jaririn nan ma sai an riƙa fitar masa da tasa. Maigidana ya sayo mana gero a wani shagon 'yan Afirka a Silver Spring don kunun mai jego, amma rabinsa a bayan gida ya riƙa ƙarewa. Kafin wani lokaci gwara sun gane gidanmu. Da Inna ta buɗe ƙofa sai su sauko buu, ita kuma tana murna tana cewa sadaka ta karɓu.

Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne da ke zaune shi kaɗai. Ya kafa wani ɗan akwati a kan sanda kusa da shingenmu, inda wasu shuɗɗan tsuntsaye masu jan ƙirji ke yin sheƙa duk shekara. Wata safiya ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, hularsa a hannu. Ya yi mana barka, sannan ya yi bayani a hankali. Ya ce gwaran nan asalinsu ba na ƙasar ba ne, kawo su aka yi, kuma suna ƙwace wa shuɗɗan tsuntsayen gida, har su kashe su. Ya ce gero kuma yana jawo wata tsuntsuwa da ba ta gina sheƙa, sai ta saka ƙwanta a ta wata, ɗanta ya girma ya danne 'ya'yan masu gida. Roƙonsa ɗaya ne, a daina zuba geron, don akwai ƙananan 'ya'ya a akwatin.

Ni ce tafinta. Da na kai kan tsuntsuwar da ke ajiye ƙwai a gidan wata, Inna ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Ta ajiye ta yi tafiyarta? Ashe har a tsuntsaye akwai marasa kunya."

Amma da na zo kan maganar gero sai fuskarta ta canza.

"Ke, gaya masa sadakar jikana ce. Ni ban san wani baƙo da ɗan gari ba, duk bayin Allah ne. Mu ɗin nan ma ai baƙin ne."

Ban gaya masa haka ba. Cewa na yi za mu duba. Gaskiya a lokacin ina ganin Inna ta fi shi hujja, kuma ba ni da ƙarfin da zan shiga tsakanin tsofaffi biyu saboda tsuntsu. Aka ci gaba da zuba gero.

Bayan 'yan kwanaki muna shanya a bayan gida sai muka hango tsohon tsaye gaban akwatin a buɗe. Bai kira mu ba, Inna ce ta matsa jikin shingen da kanta. Uwar shuɗɗan tsuntsayen ce a tafin hannunsa, an farfasa mata kai da sara. Ya ce a kan 'ya'yanta wani gwara ya same ta, ta ƙi tashi. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya mutu, sauran suna ta buɗe baki, uban kuma yana kan wayar lantarki da tsutsa a bakinsa ya kasa sauka.

Inna ta daɗe tana kallo. Ni ina gefenta goye da jariri.

"A kan 'ya'yanta?" ta tambaye ni.

Na ce, "Eh, Inna."

"Da gerona na tara mata su." Ta ɗauki tsintsiya ta share duk ƙwayar da ke ƙasa.

Washegari na ɗauka sadaka ta ƙare. Sai na tarar da ita a kicin tana dama kunu fiye da na kullum. Ta cika kwano ta rufe, ta miƙa wa maigidana.

"Kai wa tsohon nan. Ba shi da mai dama masa. Shi ma bawan Allah ne, sadakar yaro ta faɗa inda ba za ta kashe kowa ba."

Haka aka yi har ta koma gida. Gwara suka ragu da suka ga babu, tsohon ya sa wa akwatin kariya, uban ya ci gaba da ciyar da sauran 'ya'yan shi kaɗai har suka tashi. Ko Baturen yana son kunun tsamiya, ban sani ba, amma kwanon wankakke yake dawowa.

Yaron nan yanzu ya fi ni tsawo. Abin da na koya a wurin kakarsa shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai mutum ya bi alherinsa ya ga a kan wa ya sauka. Inna ta haura saba'in tana zuba hatsi, amma da ta ga ɓarna ba ta tsaya kare kanta ba, tsintsiya ta ɗauka.