Takardar ɓargon ɗiyata

Mun tashi da asuba daga Gazawa, ni da ɗiyata mai shekara tara, takardar likita ƙulle a bakin zanena. Bara yarinyar ta gama maganin kansar jini. Watan jiya aka ɗebi ɓargon ƙashinta aka aika awo, sakamako ya zo da Faransanci. Ƙanen mijina, da yake ya yi lakol, wato boko, ya karanta ya ce ƙananan ƙwayoyi sun cika ɓargon, ciwo ya dawo. Shi ke nan fa gida ya koma kamar na makoki. Har surukata ta hana a yi wa yarinyar kitso, wai gashin zai sake zubewa. Raina ya ɓaci, na ce wallahi sai na ji daga bakin wadda ta yi mata magani.

Mu ashirin aka cusa a mota, ga akuya a ƙarƙashin kujera tana cin igiyar takalmina. A Agiye muka sayi ƙosai na dala ashirin, duk mai, amma yarinya ta cinye tas ta lashe yatsu. Na ce a raina, wannan ce mai ciwon? Jandarma ya tsayar da mu kafin Cadawa, ya duba katin kowa, akuya dai ba a tambaye ta ba.

A Maradi likitar ta daɗe tana bin takardar da biro.

"Maman yarinya, kina noma?"

Na ce tun ina budurwa.

"To kin san gero da shibra kamarsu ɗaya suna ƙanana. Haka ƙwayoyin nan. Bayan magani ɓargo yakan fito da sababbi da yawa, sai an duba alamun jikinsu. Na ciwo duk iri ɗaya suke, sun ƙi girma. Nata kuwa ga jarirai, ga matsakaita, ga manya. Ɓargon ne ke farfaɗowa."

Ta ce mu dawo bayan wata uku a sake awo. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Tafiyar nan ta koya mini iya Faransanci daban, iya karatun ɓargo daban. Da la'asar muka iso gida, na tarar da mata zaune jugum a tsakar gida, sun zo jaje. Ko mayafi ban cire ba na ce:

"Sannunku da zuwa. Wace ce ta iya kitso a cikinku?"